Malam Garba da Abubakar Usman Mutum Ɗaya Ne

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Amintattu,
Ƙungiyar Tsanin Ilimi,
Dutse.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina neman afuwa da na kawo wannan magana cikin jarida maimakon in kawo ta zaurenka. Ba rashin kunya ba ne. Sau biyu na rubuto maka ta hannun ofis ban ji amsa ba, sau ɗaya kuma na zo gida aka ce kana Kano wajen likita, Allah ya ƙara sauƙi. Taron shekara na ƙungiya saura kwana goma sha biyu, wa'adin da aka ba ni na karɓar sabon muƙami kuma ƙarshen watan nan ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya sa na yanke shawarar in faɗa a fili.

Ga masu karatu da ba su san mu ba, aikin ƙungiyarmu shi ne taimaka wa yaran ƙauyukan tsakiyar Jigawa su shiga jami'a da manyan makarantu. Muna sama musu fom, mu cika tare da su, mu lallashi iyaye, mu raka yaro har ya gama rajista. Ni ma'aikaciyarta ce, shekarata biyar a ofishinmu na Yalwawa. Kafin nan kuma ɗalibarta ce, ɗaya daga cikin 'yan matan ƙauye da ta tura jami'a.

Ranar Talatar makon jiya takardu uku suka iso ofishinmu, dukkansu da sa hannunka. Ta farko tawa ce, an ƙara mini girma zuwa shugabar shiyyar Ringim da Taura. Ta biyu ta wani Abubakar Usman ce, an ce ba shi da digiri, kuma ba a ga shaidar wani aikin fili da ya yi a fayil ɗinsa ba, saboda haka aikinsa ya ƙare a ƙarshen wata. Ta uku ta wani ɗan sa-kai ce mai suna M. Garba, an yaba masa bisa shekara goma sha uku da ya yi yana yawon ƙauyuka saboda Allah, an kuma gayyace shi taron shekara ya karɓi takardar yabo daga hannunka.

Ranka ya daɗe, Abubakar Usman shi ne Malam Garba. Mutumin da ka kora da safe shi ne wanda ka yaba da hantsi, kuma kujerarsa ce aka ce in hau.

Na ɗaya, yadda kuskuren ya faru. Ban yarda ko kaɗan cewa da gangan ka yi ba. Kai ka je har makarantar firamaren da yake koyarwa a yankin Taura, shekara biyu bayan an ba mu jiha, ka ce ya zo ya taimake ku. Tun daga ranar Malam Garba kake kiransa, kamar yadda kowa yake kiransa. Takardar ɗaukarsa aiki kuwa marigayi sakatarenmu na farko ne ya rubuta, da sunansa na yanka, Abubakar Usman, aka sa a fayil, ba wanda ya sake buɗewa. Shi Malam da Hausa yake rubuta rahoton zagayensa a littafin makaranta, sakatare ya juya zuwa Turanci a tafireta, ya sa masa kai da sunan da bakinsa ya saba, wato M. Garba. Da haka aka samu fayil biyu, ɗaya da takardar aiki ba rahoto, ɗaya cike da rahoto ba takardar aiki.

Da masu ba mu tallafi suka ce sai an sake tsara ma'aikata, suka turo ƙwararru biyu. Mako guda suka yi a babban ofis suna karanta fayil, ba su taka Taura ba, ba su ma leƙo Yalwawa ba. Mutanen kirki ne, ɗayansu ma ɗan Kano ne, na tabbata a gidansu ba za a rasa Garba ba, kuma ya san sarai Garba inkiyar Abubakar ce, Shehu kuma ta Usman. Amma abin da mutum ya sani a tsakar gida yakan manta shi in ya zauna gaban kwamfuta. Sakataren da zai ce musu ku dakata ya riga mu gidan gaskiya. Suka rubuta takardu, aka kawo maka cikin tarin wasu, ka sa hannu.

Na biyu, aikin da mutumin nan yake yi. A takarda an kira shi jami'in fili mai riƙe da shiyya. Amma ainihin sana'arsa ba ta da suna a Turanci, mu a ofis gyaran suna muke ce mata. Mutanen birni suna zaton abin da ke hana yaron ƙauye shiga jami'a faɗuwa jarabawa ne kawai, ko rashin abin hannu. Akwai na uku da ba a magana a kansa. Yaro ya ci jarabawa, a ba shi gurbi, ya isa teburin rajista, a baje takardunsa, sai a ga sunan da ke ta firamare daban, na sakandare daban, na shaidar ƙaramar hukuma daban. A ce masa wannan mutum uku ne, ya koma ya zo da ɗaya.

Ba ƙarya kowa ya yi ba. Uba ne ya kai ɗan farinsa makaranta, hedimasta ya tambayi suna, shi kuma kunya ba za ta bar shi ya ambaci sunan ɗan fari ba, sai ya ba da laƙabi. Aka tambayi sunan uba, maƙwabci ya faɗi wanda ake kiransa da shi a kasuwa. A sakandare an samu Sani Musa har huɗu a aji ɗaya, malami ya liƙa wa kowa sunan garinsu. Wata Talatu ce a gida, Zainab a wajen liman. Na taɓa ganin yaron da aka rubuta wa Sani Muhammad, alhali duka biyun sunansa ne, na ubansa bai shiga ko'ina ba.

Malam Garba ba ya taɓa fom sai ya ga takardun yaro duka. Zai shimfiɗa su a tabarmar zaure, ya danne kowace da tsakuwa, ya bi su harafi bayan harafi da rula. In ya ga saɓani ba ya matsa wa uba, don ya san ba zai faɗa ba. Goggon yaron yake aika wa, ko kaka, ko ya nemi limamin da ya raɗa sunan. In ya tabbatar, sai kotu a yi takardar rantsuwa, sannan ya fiƙe fensir. Yara suna ƙosawa da shi, har suna ce masa Malam Sai-an-duba a bayan idonsa. Ya sani, ba ya damuwa, abin da yake cewa kawai shi ne ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni kaina da haka na shiga jami'a. A takardar firamare ni Kulu Sanda ce, a ta sakandare Hauwa'u Umar. Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyar babana aka sa mini, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Malam Garba ya gano saɓanin, ya goya babana a babur zuwa kotu a Ringim, ni kuma na bi su a motar kasuwa. Magatakarda ya ce wa babana ya faɗi sunan 'yarsa. Babana, mutumin da ya rabu da karsanarsa don in yi karatu, ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa, ya kasa. Magatakarda ya fara ƙosawa, akwai mutane a layi. Sai Malam Garba ya nemi izini ya karanta sunan da kansa, uba ya tabbatar. Ya karanta. Babana bai ɗago ba, ya ce, "Ita ce." Aka buga hatimi. Har Allah ya karɓi ransa ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, kuma ban taɓa shakkar ƙaunarsa ba. Duk lokacin da na tuna ranar nan sai na yi ƙwalla, don na san da wani ne ya raka mu, da an tsawata wa babana a gaban mutane, da kuma ya tashi ya fita, karatuna ya ƙare a nan.

Wannan ba ya cikin fayil ɗin Abubakar Usman. Ko a na M. Garba layi ɗaya ne: an gyara sunan ɗaliba a Ringim.

Na uku, maganar digiri. Gaskiya ne ba shi da shi, takardar kwalejin horon malamai ce iyakarsa. Na san zai ji haushina da na faɗi dalili, don mutum ne mai ɓoye ciwonsa, amma ba yadda zan yi. Malam Garba ya taɓa samun gurbin jami'a tun muna cikin jihar Kano. Ya sayi akwati, ya yi sallama da dangi, ya je. A teburin rajista aka ga takardar firamare tana cewa Garba Shehu, ta kwaleji tana cewa Abubakar Usman. Shi ma ɗan fari ne, ubansa makiyayi ne da ya zauna ya kama noma, da aka zo ɗibar yara makaranta sai ya ba da inkiya. Malam ya yi bayani, aka ce ba a rajista da bayani. Ba wanda ya gaya masa akwai abin da ake kira takardar rantsuwa. Kafin ya ji labarinta, ya dawo gida, ya samo ta, ya koma, an rufe rajista. A daminar ubansa ya kwanta ciwo, ƙanne da 'yan dabbobi suka dawo wuyansa, ya kama koyarwa. Akwatin yana nan a ɗakinsa, littattafan rahoton ƙungiyarmu yake ajiyewa a ciki.

Ranka ya daɗe, ka ga abin da ya hana ni sukuni ke nan. Da ƙuruciyarsa wata makaranta ta raba mutumin nan biyu ta kore shi. Ya ɗauki sauran rayuwarsa ya sa wajen hana a yi wa 'ya'yan mutane haka. Yau ƙungiyar da ya yi wa wannan aiki ita ce ta sake raba shi biyu, kuma hujjarta digirin nan ne da rabawar farko ta hana shi.

Na huɗu, hanyar da ma'aikatanmu suke bi. Ko an haɗa fayil biyun nan gobe, sabuwar dokar tana nan: shugaban shiyya sai mai digiri. Ban ce dokar banza ba ce. Ƙungiyar da ke tura yara jami'a ba za ta raina digiri ba, masu tallafi kuma suna son rahoto da Turanci mai kyau, suna son wanda zai iya tsayawa a taro ya yi bayani. Amma ina so ka dubi yadda mutane suke shiga ƙungiyar nan da yadda suke fita.

Mu masu digiri, ƙofar gaba muke shigowa. Mu zo bayan bautar ƙasa, a tura mu bita Kano da Kaduna, mu koyi rubuta takardar neman tallafi. In mun yi shekara biyu ko uku, wani ya koma ma'aikatar ilimi, wani ya samu babbar ƙungiya a Abuja, wani ya tafi digiri na biyu. Cikin waɗanda na tarar da waɗanda suka zo bayana, ni kaɗai na kai shekara biyar, kuma ba don na fi su kishi ba, aure ne ya zaunar da ni a Dutse. Ban ga laifinsu ba, kowa da inda rabonsa yake.

Su kuwa tsofaffin malaman firamare da kuka fara da su, inda aka ajiye su nan suke. Su suka san wane mai unguwa ne sai an fara gaishe shi kafin a shiga gari, wace hanya ce ruwa ke cinyewa da damina, wane uba ne in ya ce zai yi shawara to ya ƙi ne. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, da wasu iyaye suka fara cewa zamanin boko ya wuce, ba mu muka shawo kansu ba. Malam Garba ne ya bi zaure zaure, yana tambayarsu ko sun fi son alƙalin da zai yi musu shari'a da likitar da za ta duba matansu su zama 'ya'yansu ko baƙi. Shi ne kuma ya kawo shawarar a ɗauki mace, tunda gidaje da yawa ba a shiga, iyaye mata kuma su ke riƙe da takardun yara a ƙasan adaka. Da wannan shawara aka ɗauke ni. Wata uku ina bin sa ƙauyuka kafin ya bar ni in riƙe fensir.

A shekara goma sha uku ba a taɓa tura shi bita ba, don takardar gayyata kullum masu digiri take nema. Ba a taɓa tambayarsa ko yana son ya ƙaro karatu ba. Mun sa wa kanmu suna Tsani, mun kuma hau da yara masu yawa, alhamdulillahi. Amma waɗanda suke riƙe da tsanin daga ƙasa ba mu yi musu matakala ko ɗaya ba. Har da ni a cikin laifin, don na je bita sau huɗu na dawo ina ba shi labari, bai taɓa zo mini a rai ba in ce me ya sa ba shi ya je ba.

Na biyar, ni. Ba zan yi ƙaryar cewa ba na son ƙarin girma ba. Ina so, na yi aikin, kuma iyalina za su amfana. Amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ƙwararrun nan sun koma inda suka fito, ba wanda zai tuna da su. Ni ce zan hau kujerar, ni zan shiga ƙauyen Taura a tambaye ni ina Malam Garba. Kuma ban iya aikinsa ba tukuna. Ko a watan jiya sai da ya kama mini kuskure a fom ɗin wata yarinya, Binta a takarda ɗaya, Fatima a ɗayar, na wuce ban lura ba don a kunnena suna ɗaya ne.

Ranar da takardun suka zo yana teburinsa yana duba takardun wani ɗalibi. Ya karanta tasa ta farko, ya karanta ta biyu, ya jera su gefe da gefe, ya ɗora rula a kai kamar yadda yake yi wa na yara. Sai ya yi dariya har ya cire tabarau. A ofis Malama Hauwa yake ce mini, amma ranar ya ce, "Kulu, ashe har yanzu ba a haɗa mu ba." Ni ban iya dariyar ba.

Ya ce in karɓi muƙamin, abin alfaharinsa ne ɗalibarsa ta wuce shi. Ya ce kada in rubuta komai, a bar kaza cikin gashinta, Alhaji ba shi da lafiya, kada a ɗaga masa hankali. Wannan ne karo na farko da na saɓa wa maganarsa, kuma ina neman gafararsa. Na kuma ji ya kai babbar rigarsa wajen mai guga. Zai zo taron, don kai ka gayyace shi, ba zai bar ka tsaye da takarda a hannu ana kiran sunan da ba wanda ya amsa ba. Zai karɓi yabon a matsayin ɗan sa-kai, ya yi godiya, ƙarshen wata kuma ya tattara littattafansa a matsayin korarre, bai gaya wa kowa ba.

Saboda haka ina roƙon abubuwa huɗu.

Na farko, a janye takardar sallamar Abubakar Usman kafin ranar taro, a haɗa fayil biyun su zama ɗaya. In ana bukatar takardar rantsuwa, yana da ita, ta fi shekara ashirin a cikin akwatin nan, ba a taɓa tambayarsa ita ba.

Na biyu, a bar shi a kujerarsa ta shugaban shiyya. In masu tallafi sun dage sai mai digiri ya sa hannu a rahoto, a sa ni mataimakiyarsa, ni in rubuta Turancin, shi ya ci gaba da jan ragamar aikin. Ka rubuta musu da kanka, za su saurare ka.

Na uku, a buɗe wa ma'aikatan fili hanyar ƙaro karatu. Akwai karatun hutu da jami'o'i suke yi wa malamai, a ba su lokaci, a tsaya musu kamar yadda muke tsaya wa 'ya'yan wasu. A fara da Malam Garba in ya yarda. Ni zan cika masa fom ɗin, kuma sai na baje takardunsa a tabarma na bi su da rula kafin in taɓa fensir.

Na huɗu, duk wani ƙwararre da za a sake kawowa ya tsara mu, a hau da shi babur ya kwana biyu a ƙauye kafin a miƙa masa fayil.

In waɗannan ba za su yiwu ba, ina mayar da takardar ƙarin girmana da ladabi, zan ci gaba da zama a kujerar da nake. Ba barazana ba ce, abin da zuciyata za ta iya ɗauka ke nan.

Ranka ya daɗe, ka kafa ƙungiyar nan lokacin da Dutse ba ta wuce ƙaramin gari da aka wayi gari an ce masa babban birni ba, jihar tana neman 'ya'yanta masu ilimi ruwa a jallo. Ba mu manta ba, ni dai ba zan manta ba. Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya saka maka da alheri, ya sa aikin nan ya zama sadaka mai gudana a gare ka, ya jiƙan magabatanmu da sakatarenmu na farko. Ranar taro, in ka tashi miƙa masa takardar, ka riƙe ta kaɗan, ka kira shi da sunansa duka biyun a gaban mutane. Tun ranar da ya tsaya a teburin rajistar nan yake jiran wani mai iko ya ce shi ne.

Wassalam.

'Yarka,
Hauwa'u Umar, wadda kuma ake kira Kulu Sanda. Mutum ɗaya ce, Malam Garba ne shaida.
Yalwawa, Dutse.